Yadda fadarmu ta shirya tafiya kallon namun daji daga Damagaram zuwa Yankari

Maganar ta wata fada ce a unguwar Birni nan Damagaram, mu bakwai, da muka yi shekara muna kotize don mu kai kanmu da iyalanmu kallon namun daji, abun da Turawa ke ce ma safari. Ni ne mai riƙe da kes, shi ya sa kaye na lissafi da duk gardamar da aka tafka suna hannuna. Tun da muka dawo mutane ke tare ni da tambaya ɗaya, nawa kuka kashe, nawa kuka kashe, to zan faɗa, amma abun da na fi so a gane shi ne zancen watan da za a tafi, sabida a kansa ne muka fi shan wuya kuma shi ya yanke ma tafiyar hukunci.

A cikinmu akwai Alhaji mai shagon atamfa a kasuwar Dole wanda Kano ta zame mishi kamar gida don kusan kullum yana hanyar Kantin Kwari, akwai Mushe malamin lekol, akwai Majo da ke aiki a gidan likita, akwai tela, akwai mai gyaran waya, da wani ƙaninmu mai aikin ofis, sai ni. Tun farkon 2024 muka aje cewa kowa zai riƙa zuba jaka 15 a wata. Mutum bakwai wata goma sha biyu, miliyan ɗaya da jaka 260 kenan. Kuma tun ranar farko muka rubuta a kaye kowa ya sa hannu cewa wanda ya janye da kanshi za a maida mishi kuɗinshi amma a cire kashi ɗaya cikin goma ya zauna a kes. A lokacin wasu sun ga kamar tsanani ne tsakanin abokai, daga baya wannan layin ne ya hana zumunci lalacewa.

Ina za a je

Wata uku na farko duk a kan wannan suka tafi. Mai gyaran waya shi Kenya yake so, ba ya jin komai sai Masai Mara, yana ta nuna mana bidiyo na dabbobin nan sama da miliyan da ke tsallake kogin Mara daga Serengeti ta Tanzaniya tsakanin Yuli da Oktoba kadoji na jiransu a ruwa. Abun kallo ne ba ƙarya. Amma da muka zauna da biro, kuɗin shiga dajin kawai ga baƙo babba a watannin nan dalar Amurka 200 ne a yini, wajen jaka 120 kenan, ma'ana kes ɗinmu gaba ɗayanshi kuɗin ƙofar mutum goma ne na yini guda, ba a yi zancen jirgi ba, wanda sai ka je Yamai ko Kano ka hau zuwa Adis Ababa sannan Nairobi, ba a yi zancen otel da mota ba. Nan maganar Kenya ta mutu, shi ma da kanshi ya ce a bari.

Sai aka juyo gida, don gaskiya ni a zuciyata na fi son kuɗinmu su zauna a ƙasarmu. Kure tana nan kilo 60 kafin ka shiga Yamai, inda raƙuman dawa na ƙarshe na irin Afirka ta Yamma suke yawo cikin gonakin mutane, a 1996 saura 49 kacal suka rage a duniya amma da aka tsaya a kansu sun haura 600. Sai dai daga nan zuwa can kusan kilo 850 ne a kan gudron, kuma tun harin 9 ga Agusta 2020 da aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da 'yan ƙasa biyu, direba da shugaban masu yi ma baƙi jagora, wurin bai koma yadda yake ba. Gandun W da aka kafa a 1954 shi ne ke da giwaye da ɓauna, amma matsalar tsaro a yankin ta sa ba wanda ma ya tsaya dogon bayani a kai, ba mai ɗaukar mata da yara ya nufi can. Termit da Tin-Tumma kuwa a jiharmu take ta wajen Tesker, an ayyana ta a 2012, can ne ake samun mena wadda ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa ke ɗauke da sunanta, da barewar hamadar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake ce ma adaks, to amma wannan tafiyar kat-kat biyu ce da bidon-bidon na ruwa da esansi da izinin hukuma da rakiya, kuma kana iya yin kwanaki cikin rairayi ba ka ga komai ba sai sawu. Gadabeji ta wajen Dakoro ita ce ta fi kusa da yiwuwa, a 2018 an kai raƙuman dawa takwas can daga Kure, mun aje ta gefe ba mu jefar ba.

Abun da ya raba gardamar yara ne. Da aka tambaye su me kuke son gani, kusan duka giwa suka ce. To giwa mafi kusa da Damagaram wadda za ka iya zuwa da motar haya ka kwana a ɗaki, tana Yankari ne a jihar Bauchi. Daga nan zuwa Kano wajen kilo 240, Kano zuwa Bauchi wajen 300, daga Bauchi zuwa sansanin Wikki cikin dajin ɗari da 'yan kai. Duk hanyar Hausa ake yi, ba biza, kuma a lokacin sefa na da ƙarfi a kan naira, jaka ɗaya ta haura naira dubu biyu. An daidaita a kan Yankari, kowa ya ji daɗi, muka sa ranar tafiya cikin Agusta lokacin babban bakansi tunda yara na gida Mushe ma na hutu.

Zuwanmu wajen Baba

Majo yana da wani baffa tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya yana zaune Garin Malam, ya yi aiki wurare da dama har da yankin W zamanin da lafiya lau. Majo ya ce mu je mu gaishe shi mu ji ko akwai abun da zai ƙara mana. Muka je bayan la'asar, muka zayyana mishi komai, yana ta saurare bai ce uffan ba sai da muka ambaci Agusta.

Ya ce, «Ku 'ya'yan nan, ciyawa za ku je kallo ko dabba?»

Alhaji ya ce, «Baba ai lokacin ne daji ya yi kore, ga sanyin damina, yara ma suna hutu.»

Ya ce, «Alhaji, koren nan shi ne abokin gabarku. Zauna in faɗa maka.»

Bayanin da ya yi mana shi ne zuciyar wannan lamari duka, don haka zan kawo shi dalla-dalla yadda na rubuta a kaye. Ya ce dabbar daji ba ta fitowa don a gan ta, ƙishirwa ke fito da ita. Da damina ruwa na ko'ina, kowane kwari ya zama tafki, kowane rami ya riƙe ruwa, to giwa da ɓauna da gwanki ba su da dalilin zuwa bakin kogi, sai su watsu cikin daji, kuma dajin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, hanyoyin mota ɗan yanki kaɗan suka ratsa. Ga shi gamba da sauran ciyayi sun fi tsawon mutum, itatuwa sun rufe da ganye, ɓauna na iya tsayawa taku ashirin daga motarku ba ku sani ba. Ga laka, wasu hanyoyin ma ba sa biyuwa. Ga sauro. Amma da rani ya kama tafkuna sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, sai ya zama ruwan da ba ya yankewa shi ne kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar dajin, dole kowace dabba ta gangaro nan ko tana so ko ba ta so, ciyawa ta bushe ta kwanta wata an ƙone ta, ganye ya zube, ido na kaiwa nesa. Ya ce duk wani gandun daji na yankinmu haka yake, W haka take, Zakuma ta Cadi ma da damina ambaliya ke rufe ta gaba ɗaya sai rani ake buɗe ma baƙi.

Mushe ya ce, «To Baba hutun ƙarshen Disamba fa, ku kuna ganin zai yi?»

Baba ya ce ya fi Agusta nesa ba kusa ba, amma har lokacin akwai sauran ruwa a wasu tafkunan kuma ciyawa ba ta gama kwanciya ba, ga hazo na hunturu da ke rage gani, ga cunkoson masu hutun Kirsimeti. Ya ce daga Fabrairu zuwa Afrilu shi ne lokacin, kuma iya tsananin zafi iya yawan dabbar da za ka gani a bakin ruwa, amma zafin Afrilu da ƙananan yara cikin buɗaɗɗiyar mota ba abun wasa ba ne. Sannan ya ƙara abu biyu. Na ɗaya kar mu yarda mu yi ƙasa da kwana biyu a cikin dajin, sabida fita kallo sau ɗaya caca ce, wanda ya fita safe da yamma safe da yamma shi ke da rabo. Na biyu kar mu fita da tsakar rana, dabba ma inuwa take nema, fitowar rana da bayan la'asar su ne lokutan.

Da muka fito daga gidan ba wanda ya yi magana har muka kai bakin gudron, don kowa ya gane abun da ke gaba. Kalandarmu da ta dabbobi sun saɓa. Lokacin da mu muke da hutu su sun ɓace, lokacin da suke fitowa mu lekol na ci. Kuma da muka duba 2025, azumi zai kama farkon Maris, ba mai son yawon daji da ƙishirwa a baki, bayan salla kuma Afrilu ce da zafinta da cikowar masu yawon salla. Tagar da ta rage mana Fabrairu ce kawai, kafin a ga watan Ramadan.

Abun da canza ranar ya jawo

A nan ne aka yi reyinyo mafi zafi. Ƙaninmu mai aikin ofis ya ce shi fa ya shiga kotize ne a kan tafiyar bakansi, matarshi na koyarwa, babbar 'yarshi na ajin befese, ba zai cire yarinya daga aji wata huɗu kafin jarrabawa don kallon giwa ba. Kuma wallahi yana da gaskiya, ban taɓa ganin laifinshi ba. Tela ya ce a tafi Agustan haka nan ko ba a ga komai ba ai an sha iska. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi wannan, sabida kuɗin nan guminmu ne na shekara, kuma yaron da ka yi ma alkawarin giwa ka kai shi kilo ɗari shida ya dawo bai ga ko gwanki ba, ba za ka sake samun shi a irin wannan tafiyar ba, zai tashi yana cewa daji ba komai a cikinshi. Wannan ne ya fi damuna fiye da asarar kuɗin.

An yi ƙuri'a, biyar suka ce Fabrairu. Ƙaninmu ya janye, aka buɗe kaye aka karanta layin da kowa ya sa ma hannu, aka ba shi kuɗinshi aka cire kashi ɗaya cikin goma, ya karɓa ba tare da ɓacin rai ba don ba ranar aka ƙirƙiro dokar ba. Har yau yana fada, shi ne ma ya raka mu tasha. Sauran muka yanke cewa duk yaron da ke ajin jarrabawa zai zauna gida, ƙanana kawai za a ɗauka, kuma za a tsara tafiyar ta haɗa da Asabar da Lahadi don kwanakin lekol da za a rasa su ragu. Mushe ya rubuta takardar neman izini tun wata biyu kafin lokaci ya kuma shirya da abokin aikinshi ya riƙe mishi aji. Ƙarshe mu shida, mata huɗu, yara biyar.

Takardu, mota, kuɗi

Sauran shirin bai kai wancan wuya ba amma akwai wuraren da suka so su ba mu tsoro. Iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an buɗe ta tun Maris 2024, to wannan ba matsala. Sai ga 29 ga Janairu 2025, ranar da ficewar Nijar da Mali da Burkina daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata, saura 'yan makonni mu tashi. WhatsApp ya cika da murya-murya, wai daga yanzu sai da biza, wai za a riƙa maido mutane daga iyaka, matanmu hankalinsu ya tashi. Abun da ya kwantar da maganar shi ne sanarwar da ita CEDEAO ɗin ta fitar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta kuma a bar 'yan ƙasashen uku su shiga ba biza har sai an sanar da wani abu, sannan Alhaji ya tsallaka a satin ya dawo ya ce komai na nan yadda yake. Kowane babba ya riƙe kartidantite ko fasfo da bai mutu ba, yara takardar haihuwa da hoto, kowa da karne na allurar shawara, kuma na yi fotokofi na duka na aje a jakata daban.

Zancen mota an ɗan ja. Tela na da aboki mai Hiyas da ya ce zai kai mu har cikin dajin ya dawo da mu. Da aka lissafa, motar na buƙatar kart griz da lasuransi da ke aiki a ƙetare da takardar izinin shiga da ita daga kwastan, ga lambar Nijar a kan hanyar da ba a saba ganinta ba, kowane shinge sai an tsaya dogon bayani, kuma direban bai taɓa wuce Kano ba. Muka bar wannan. Muka hau motar tasha zuwa Kano ta Takeita, Kance, Matamaye, muka tsallaka a Ɗan Barto zuwa Kwangwalam, Daura, Kazaure, Dambatta. A Kano mai masaukin Alhaji a Fagge ya sauke mu, shi ya samo mana bas da direba ɗan Bauchi wanda ya sha kai mutane Yankari, aka yi jinga da shi ta zuwa da dawowa har da zaman jiranmu. Doka ɗaya muka kafa ba sassauci, ba tafiyar dare, ana sallar asuba a tashi, kafin magariba a sauka.

Canji a Wapa muka yi, kuma ga abun da wanda bai saba da Najeriya ba zai iya mantawa, can kusan komai da tiransfa ake biya ko POS, mu kuma ba mu da asusun bankinsu, layinmu na waya ma yana barin rezo in an yi nisa da iyaka. To sai muka ba ɗan mai masaukin Alhaji wani kaso na kuɗin ya riƙa tura mana inda ake buƙata, shi ya biya kafin alƙalami na ɗakunan Wikki tun kafin mu taso, sauran muka raba a aljihun mutum uku ba a tara wuri ɗaya ba.

Majo ya haɗa akwatin magani, na palu da na zawo da sashe na ruwan gishiri da sukari da na zazzaɓin yara, kowane gida da sangenshi. Ya kuma kawo wani zance da ya ba mata mamaki, ya ce a dajin da ke bakin kogi akwai tsando, ƙudan nan mai cizo da zafi, kuma baƙi da shuɗi ne launin da ya fi jan shi. Hijaban matanmu kuwa kusan duk baƙaƙe ne ko shuɗaye. Sai da tela ya ɗinka musu na ruwan ƙasa da ruwan toka. Guzuri kilishi ne da gari da ƙuli-ƙuli da dabino, da kayan shayi, don fadar Damagaram ba ta tafiya ba butar shayi.

Cikin dajin

Daga Kano muka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi. Direban ne ya ba da shawarar mu ratse Sumu kafin mu shiga Bauchi, wani ƙaramin gandu da aka zuba dabbobin da ƙasar Namibiya ta ba jihar kyauta a 2006, can yara suka ga raƙumin dawa da jakin dawa, waɗanda babu su a Yankari. Mun kwana Bauchi, da safe muka kama hanyar Gombe zuwa Dindima, muka karya kudu zuwa Mainamaji inda ƙofar take, daga ƙofa zuwa Wikki kuma akwai kilo arba'in da wani abu a cikin daji, a hankali ake tafiya. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe ma masu kallo a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, a 2006 ya koma hannun jihar Bauchi, duk wannan mai jagorarmu ne ya riƙa faɗa ma yara Mushe na rubutawa.

Tun kafin mu sauke kaya muka ga gwaggon biri da gadu suna yawo tsakanin ɗakuna ba ruwansu da mutum. Birran nan a yi hattara da su da gaske, sun san leda, sun san ƙofar da ba a kulle ba, ɗaya ya fizge burodi daga hannun yarinyar Majo ta tsorata ƙwarai, daga nan ba yaron da ya sake fita da abinci a hannu kuma ba mai ba su komai, don ba su abinci shi ke ƙara musu tsaurin ido.

Fitar farko da yamma muka ga gwambaza da yawa, da mazo, da kada a kan yashi, da burtu da zabin daji, giwa ko alamarta. A hanyar dawowa motar ta yi tsit, Alhaji ya fara cewa da ma mun sani mun tsaya gidan zu na Kano. Washegari da fitowar rana muka ga garken ɓauna da kanki da gwanki guda biyu, sai mai jagora ya tsaida mota ya nuna mana ɗanyen kashin giwa da rassan da aka karya, ya ce sun wuce nan cikin dare, suna kusa. Ranar da yamma bayan la'asar, a gangaren Gaji, muka same su. Sai da direba ya kashe mota mai jagora ya ɗaga hannu a yi shiru sannan muka gane cewa abun da muke ɗauka inuwar itatuwa ce yana motsi. Sun fito ɗaya bayan ɗaya da 'ya'yansu a tsakiya suka gangara ruwa. Ba wanda ya sauka daga mota, doka ce, kuma giwa mai ɗa ba a matsa mata. Ɗana ƙarami ya riƙe hannuna har yatsuna suka yi ciwo.

To a duba lissafin. Da kwana ɗaya muka yi kamar yadda tela da Alhaji suka so tun farko don a rage kuɗin ɗaki, da fita biyu kawai za mu yi, kuma a fita ta uku ne giwayen suka bayyana. Mun ga masu zuwa daga Bauchi da hantsi su yi wanka a Wikki su fita zagaye ɗaya da azahar su koma, irinsu ne za ka ji suna cewa Yankari ba komai sai birai. Giwayen da suka rage a can ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya duka, to ɗari da 'yan kai cikin daji mai wannan faɗin ba za su zo su tsaya maka a bakin hanya ba. Zaki kuwa ba mu gani ba kuma tun a gida mun faɗa ma yara kar su sa rai, kaɗan ne ƙwarai suka rage.

Ruwan Wikki shi ma ya cancanci a faɗe shi, daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau kana ganin yashin ƙasa, ɗuminshi digiri 31 dare da rana rani da damina. Maza da yara mun shiga da rana, mata suka zaɓi sassafe lokacin da ba kowa, muka tsaya musu daga sama. Mun kuma leƙa kogunan Marshall da mutanen da suka haƙa cikin dutse, da ɗan gidan tarihi na sansanin inda aka aje tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta.

Tarkunan nan sun tsaya min a rai, don Baba ya faɗa mana cewa yana saurayi jimina da barewa ba abun mamaki ba ne a arewacin Gure da Tanut, farin 1973 da na 1984 da farauta da mota suka share su, yau jiminar ƙasarmu a wuraren kiwonta irin na Kelle cikin shinge ake ƙoƙarin maido da ita. Yaranmu sun tashi a jihar da ke da Termit amma sai da muka tsallaka iyaka suka fara ganin naman daji da idonsu, wannan abu yana min ciwo kuma ina so hukumominmu da mu kanmu mu ɗauke shi da muhimmanci.

Lissafi

Bayan fitar ƙaninmu kes ya tsaya a miliyan ɗaya da jaka 98. Mota, tun daga tashar Damagaram har jingar bas da dawowa, ita ta cinye kusan rabi. Ɗakuna a Bauchi da Wikki wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kwanan Kano kyauta ne albarkacin Alhaji. Kuɗin ƙofa da na fita kallo da ɗan alherin da muka yi ma mai jagora ba su kai abun da muka zata ba, kuma a nan ne nake ganin bai kamata mutum ya yi ƙwauro ba, in za a rage a rage a tsaraba. Sauran ya tafi a abinci da magani da ɗinkin hijabai. An dawo da jaka 60 da 'yan kai.

Inda shirin ya fi rauni shi ne tsawon hanya a kan ƙananan yara, dawowar daga Wikki zuwa Kano a yini ɗaya ta gajiyar da su sosai, biyu sun yi amai a mota, kuma duk wanda zai bi sawunmu da yaro ƙasa da shekara biyar gara ya raba wannan zangon biyu ya sake kwana Bauchi ko ya bar yaron wajen kaka. Kwanakin lekol da aka rasa kuma Mushe ya zauna da yaran ya cike musu a hutun da ya biyo baya.

Jaka 60 ɗin ba a raba ba, an bar su a kes, an sake buɗe kotize kuma ƙaninmu ya dawo ciki. Gadabeji ake magana yanzu, ta Maradi zuwa Dakoro, daga can sai kat-kat don rairayi ne. Ba giwa a can, raƙumin dawa ne da barewa, kuma tafiyar gajera ce tana iya shiga hutun ƙarshen Disamba ba sai an cire kowa daga aji ba. Majo zai koma wajen Baba ya tambaye shi ko watan ya yi, da kuma wane ofishin gandun daji ake fara zuwa neman izini.